Ni Na Ja Wayar Injin Ƙanƙara

Yau ba ni da bakin kare kaina. Ku da kuke turo min saƙo kuna cewa "Allah sarki Auta, an sa ki a tsakiya," ku ɗan ajiye tausayin nan a gefe, ku ji abin da na aikata da hannuna tukuna. In kun gama ji kuka ga har yanzu na cancanta, sai ku miƙo min.

Ga wanda bai san gidanmu ba, mu uku ne a ciki: Abba, Umma, sai ni. Yaya yana wani gari da iyalinsa. Abba ya yi shekara talatin da biyu yana duba aikin gini kafin ya yi ritaya, irin mutanen nan da za su ƙwanƙwasa bango da ɗan yatsa su ce a rushe a sake. Ko agogo aka rataye a karkace ba ya iya shan shayi sai ya tashi ya gyara shi. Wata uku da suka wuce aka yi masa aiki a gwiwar dama, likita ya ce duk bayan motsa ƙafa a ɗora ƙanƙara, sau uku a rana. Firjinmu kuwa ya girme ni, ruwa ya kwana biyu a cikinsa iyakarsa ya yi sanyi. Shi ne Yaya ya aiko da injin ƙanƙara, wani ɗan akwati mai ruwan azurfa, aka ba shi wuri a kicin kusa da taga. Ka zuba ruwa, ka danna, can anjima ka ji kwaram, ƙanƙara ta zubo cikin kwando.

Wanda nake so kuma mai gyaran firji ne. Shi ke duba firjin allurai a kantin maganin da nake aiki, a nan muka saba. Dogo ne, ba ya hayaniya, in yana aiki ko sunansa ka kira sai ya gama ɗaure abin da yake ɗaurewa zai ɗago. A wayata na sa masa suna "Firjin Kanti", saboda Gwaggo.

Gwaggo ƙanwar Abba ce, kuma ta riga ta gama min zaɓi a ranta: ɗan ƙawarta, wani mai ofis a bene na biyar da ba na iya tuna komai game da shi sai ƙarfin turarensa. Duk zuwan da za ta yi sai ta ɗauki wayata a kan kujera kamar tana gyara zama, ta leƙa. Abba bai taɓa cewa dole ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ni ba na ba da 'yata sai ga wanda na ga aikinsa." Mai ofis aikinsa a cikin kwamfuta yake, ba mai gani. Nawa kuwa ban san ta inda zan shigo da shi gida ba, don Abba ya hana tsayuwa a bakin ƙofa.

Sai injin ya lalace da kansa. Wannan na farkon, Allah ne shaidata, babu hannuna.

Ƙanƙarar ta daina zubowa, ta haɗe ta zama dunƙule ɗaya a manne sama, jar fitila na ta ƙiftawa. Na ce da Umma, ina kallon wani wajen, "Akwai wani da yake gyara mana firji a kanti, an ce ya iya." Ya zo ranar Asabar da safe da jakar kayansa, rigarsa ruwan toka a goge tsaf. Abba ya sa aka kai masa kujera ƙofar kicin, ya miƙe ƙafar a kan ɗan benci, ya zuba masa ido. Ni aka ce in riƙe fitilar waya.

Ya fara cire filogi daga soket. Ya duba ruwa, ya duba fanka, ya share ƙurar da ta taru a baya, sannan ya kwance sukurori huɗu ya zare murfin gefe. Ya nuna wa Abba wani ɗan baƙin abu kamar ƙwayar magani a ƙarshen siririyar waya, yana reto.

"Wannan shi ne sensa, Abba. Shi ke jin sanyin bututun nan, ya gaya wa ƙwaƙwalwar injin cewa ƙanƙara ta yi, a sake ta. Ya zame daga kilif ɗin da ke riƙe shi a jikin bututun, yanzu iskar ɗaki yake ji. Shi a wurinsa har yanzu ba a yi sanyi ba, shi ya sa injin ke ta daskarar da ruwa har ya gaji ya tsaya."

"Ka canza shi ke nan?"

"A'a, lafiyarsa ƙalau. Ba a zubar da abin da bai mutu ba."

Na ga Abba ya gyara gilashinsa. Mai gyara ya mayar da abin, ya ɗaure murfi, sannan ya ciro wani alƙalamin fenti rawaya ya ja ɗan layi a kan kowane sukuru. Ni a lokacin na ɗauka ado ne, irin na masu son aikinsu. Ranar sai da suka yi awa guda suna hira, har Abba ya ba shi labarin gadar da ya taɓa hanawa a buɗe. Da ya tafi Abba ya ce da Umma, "Yaron nan hannunsa na da tsabta." Ina cikin kicin na rungume tukunya.

To, daga nan ne shaiɗan ya same ni da ƙofa a buɗe. Sati biyu suka wuce, inji yana aiki lafiya lau, Gwaggo ta zo sau uku, sunan mai gyara ya fara dusashewa a gidan. Wata safiyar Talata Umma tana wanka, Abba yana motsa ƙafa a falo, na tsaya gaban injin da ƙaramar wuƙar yanka albasa. Na ce a raina, ai na ga yadda ake yi. Na cire filogi, na kwance sukurorin, na sa yatsa biyu na ja wayar. Ta ƙi fita. Na ƙara ja da ƙarfi, ta fito. Na mayar da murfi, na yafa mayafina na tafi aiki, har ina gaishe da mutane a hanya.

Ya zo, ya gyara, suka yi hira da Abba har azahar. A ranar ne ya samu bakin faɗa masa abin da ke ransa game da ni. Abba bai ce e ba, bai ce a'a ba. Saboda rashin e ɗin nan na sake yi bayan kwana goma.

Wannan karon ne ya kamata in ji kunya in tsaya, don ya faɗo daidai lokacin da mai gyara ya tafi wani aiki a nesa, maƙwabciyarmu da nake lissafin za ta ba mu ƙanƙara ita ma ta yi tafiya. Kwana biyu Abba bai samu ƙanƙara ba sai 'yar wadda na sayo a hanya, kafin in iso gida rabinta ta zama ruwa. Gwiwar ta kumbura ta yi sheƙi. Ni da nake sayar da maganin kumburi, ni na durƙusa ina ɗora masa tawul mai jiƙe da ruwan firji, yana cewa, "Allah ya yi miki albarka, Auta, ke kaɗai ke wahala da ni." Wallahi da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Da mai gyara ya dawo ya zo karo na uku, ina riƙe da fitila, ya daɗe yana kallon sukurorin kafin ya taɓa su. Ya ce ƙasa-ƙasa, yadda Abba ba zai ji ba, "Injin nan yana samun mai ziyara."

Na ce, "Ɓera ne ƙila."

"Ɓera mai wuƙa."

Abba ya ɗan ɓata rai a kan maimaicin, amma da suka gama magana ya ce masa, "Ka ce wa kawunka ina nan ranar Asabar mai zuwa, ya zo mu zauna." Na shiga ɗaki na yi sujada, na yi wa Allah alkawari ko goge injin nan ba zan sake yi ba sai da tsumma daga waje. Kuma na cika alkawarin.

Jiya Laraba, saura kwana uku kawunsa ya zo, injin ya tsaya.

Ina kanti Umma ta kira. "Abin nan ya sake, Auta. Yanzu ko fara aikin ba ya yi sosai, sai ya kama ya saki, jar fitilar nan kamar za ta tsone min ido. Ga gwaggonki ta zo." Na rubuta wa mai gyara:

"Injin ya tsaya. Wallahi ban taɓa shi ba."

Sai da na tura na gane abin da na rubuta. Na ga alamar ya karanta. Ya fara rubutu, ya tsaya, ya sake farawa.

"Ina zuwa ƙarfe huɗu."

Na nemi izini na koma gida. Na tarar da Gwaggo ta baje a kujerar falo cikin doguwar rigarta shuɗiya mai duwatsu a wuya, takalmanta masu tsini a tsakiyar kafet, tana fifita da mayafi ko da yake fanka na juyawa. Na canza zuwa tsohuwar rigata mai ruwan ƙasa wadda hannunta ya ɗan koɗe, don ban ji na cancanci kwalliya ba. Gwaggo ta kalle ni sama da ƙasa.

"Yau kuma makoki ake? Ai mai sukudireban naki ne zai zo, ki shafa ko hoda ce."

Ƙarfe huɗu daidai ya yi sallama. Ya durƙusa ya gaida Abba, ya gaida Umma, ya gaida Gwaggo, ta amsa da hanci. Aka kai kujerar Abba ƙofar kicin kamar kullum, sai dai yau ba murmushi. Gwaggo ta jawo tata kujerar da kanta.

Ya kunna injin tukuna ya saurara. Injin ya kama, fanka ta juya, ruwa ya fara hawa, bayan kamar minti biyu ya yi ƙit ya mutu, jar fitila ta hau ƙiftawa. Ya kashe, ya cire filogi. Ya duƙa ya kalli sukurorin. Layin rawayan nan huɗu suna nan a miƙe, na kan sukuru ya haɗu da na jikin murfi, babu wanda ya goce. Ya ɗago ya kalle ni sau ɗaya. Sai a lokacin na gane amfanin fentin: duk wanda ya juya sukuru, layin zai rabu biyu. Tun zuwansa na biyu ya sani.

Ya buɗe. Sensa yana nan daram a kilif ɗinsa.

"To, yau kuma me za a ce ya zame?" in ji Gwaggo.

Ya zare kan wayar daga jikin ƙwaƙwalwar injin, ya ciro mitarsa ta gwaji, ya ɗora bakin wayoyinta biyu. Ya juya fuskar mitar wajen Abba.

"A zafin ɗakin nan ya kamata ya nuna wajen tara zuwa goma. Ga shi, tara da ɗan wani abu. Nan daidai ne. Yanzu sai a gwada shi cikin sanyi. Auta, a taimaka min da kofin ruwa da ƙanƙara."

Gwaggo ta tuntsire da dariya har da tafa cinya. "Ikon Allah. Mai gyaran injin ƙanƙara yana roƙon ƙanƙara."

Na fita da kofi zuwa gidan maƙwabciya, na ji daɗin samun dalilin barin kicin ɗin. A tsakar gidanta na tsaya ina jira, ina ta maimaita wa kaina cewa tunda ban taɓa ba wannan karon, ba laifina ba ne. Har na fara yarda.

Ya tsoma ɗan baƙin abin cikin ruwan ƙanƙara, lambar ta fara hawa a hankali: sha biyar, ashirin, ashirin da takwas, ta tsaya a talatin da biyu.

"Nan ma daidai ne. Yana jin sanyi."

Abba ya ce, "To in yana jin zafi yana jin sanyi, ina ciwon yake?"

Mai gyara ya kama wayar da yatsa biyu, ya fara binta daga sama yana ɗan lanƙwasawa, taƙi bayan taƙi. Da ya zo kusa da wuyan sensan, daidai inda nake kamawa in ja, lambar ta ɓace daga mitar. Ya saki, ta dawo. Ya lanƙwasa, ta ɓace.

"Ga shi nan. Wayar ta karye daga ciki, robar ce kawai ta rufe. In inji yana tsaye bakin karayar na haɗe. Da ya fara aiki ya girgiza sai su rabu, ƙwaƙwalwar ta ga sensa ya ɓace, sai ta kashe komai don kada wani abu ya ƙone."

Abba ya karɓi wayar ya kai kusa da gilashinsa. Kada ku manta, mutumin nan shekara talatin da biyu ya yi yana kallon ƙarfe ya faɗi yadda aka yi ya karye. Ya murza robar, ya ga inda ta yi fari ta miƙe.

"Wannan ba tsufa ba ne. Injin ko wata huɗu bai yi ba. Janta aka yi, kuma ba sau ɗaya ba." Ya ɗago. "Wa ya ja ta?"

Jama'a, ga ni tsaye, fitilar waya a hannuna. Bakina ya buɗe. Na rantse ya buɗe. Amma na kalli Gwaggo, na ga yadda ta gyara zama tana jira, na tuna cewa kafin magariba duk dangi sun ji, sai na mayar da bakina na rufe.

"Ni ne, Abba," in ji mai gyara. "Ni nake buɗe injin nan. Wurin mayar da shi ban bi a hankali ba."

Gwaggo ta ce, "Na faɗa. Yaya, tun yaushe nake gaya maka? Irinsu haka suke. Ya gyara rabi ya bar rabi, don a sake kiransa ya zo ya ga yarinya. Da gwiwarka yake zance, kai kana ta ba shi labarin gada."

Umma ta ce, "Haba dai, a bar shi ya yi bayani."

"Ai ya yi bayanin da bakinsa."

Abba bai ɗaga murya ba, shi ba ya ɗagawa. Ya miƙa wa mai gyara wayar sensan.

"Sau uku kana buɗe abu ɗaya. Na farko ka ce min ba a zubar da abin da bai mutu ba, na ji daɗin maganar, ashe kai ne za ka kashe shi. Ko ganganci ne ko rashin iyawa, duka biyun ba na son su a gidana. Kwana biyu na yi ban runtsa ba saboda ƙafar nan." Ya jawo sandarsa. "Ka ƙarasa aikinka. Kawunka kuma ka ce masa ya dakata, zan neme shi in na ga dama."

"To, Abba. Allah ya huci zuciyarka."

Ya ciro sabon sensa daga jakarsa, ashe ya taho da shi. Ya gwada shi a kofin kafin ya sa, ya maƙala shi a bututu, ya ɗaure wayar da ɗan zaren roba yadda ba za ta yi reto ba. Ya ɗaure sukurori huɗu. Ya ciro alƙalamin fenti, ya riƙe shi ɗan lokaci, sai ya mayar aljihu bai ja layin ba. Ya ce min, ba tare da ya kalle ni ba, "Kashe fitilar, an gama." Tsohon sensan ya bari a kan teburin kicin.

Ko ruwan da Umma ta kawo masa bai sha ba.

Gwaggo ba ta tafi ba sai da ta kira ƙawarta a gabana, tana cewa, "Ki ce masa ya shirya, hanya ta buɗe." Na wuce ɗaki na zauna a bakin gado da mayafina a cinya. Wayata ta yi ƙara. Firjin Kanti.

Hoto ne guda biyu. Na farko sukuru ne da layin rawaya a rabe, ƙasansa kwanan watan zuwansa na biyu. Na biyun ma haka, na zuwansa na uku, da tabon bakin wuƙa a gefe. Sai rubutu:

"Na sani tun ranar. Na yi shiru don na ɗauka wauta ce ta so, za ta wuce. Shirun nan laifina ne, da na yi magana da gwiwar Abba ba ta kumbura ba."

Na rubuta, "Ka yafe min." Na goge. Na sake rubutawa, na tura.

"Na yafe. Ba zan faɗa wa kowa ba. Amma ni ban taɓa yi wa mai gida ƙarya a kan aikina ba sai yau, kuma ba ni da komai sai sunan nan. Ba zan iya sake zama gaban mahaifinki da ƙaryar nan a tsakaninmu ba, ko da ya kira ni."

Na kira shi, bai ɗauka ba. Na sake, bai ɗauka ba.

Ku da za ku ce da na yi shiru abin zai wuce, na yi wannan tunanin ni ma. Abba zai huce, Umma za ta lallaɓa shi, wata ɗaya ko biyu a koma magana. Amma ko an koma, har abada a idon Abba mijina shi ne yaron da ya karya waya. Duk ranar da fitila ta mutu a gidanmu Gwaggo za ta ce a kira wani. Mutumin da yake ja wa kowane sukuru layi don kada a ce ya yi ha'inci, ni na mayar da shi maha'inci a gaban mutum ɗaya tilo da yake son ya yarda da shi.

Daga kicin na ji kwaram. Ƙanƙarar farko ta zubo.

Na tashi na kwashe ta cikin jakar roba, na naɗe da tawul. Na ɗauki mataccen sensan daga tebur, na ɗauki wuƙar albasa. Rana ta yi sanyi, haskenta ya shigo ta labulen ɗakin Abba. Yana kishingiɗe da jarida, ƙafar a kan filo, Umma tana ninke kaya a gefe. Na durƙusa na ɗora masa tawul ɗin a gwiwa, ya ja numfashi ya lumshe ido.

"Sannu, Auta. Kada ki damu da abin da ya faru, gara da muka gani tun yanzu."

Na ajiye sensan da wuƙar a kan jaridarsa.

"Abba, ba shi ba ne. Ni na ja wayar. Sau biyu, da wuƙar nan na kwance. Na farko ranar Talata, na biyu lokacin da ƙafarka ta kumbura. So nake ya riƙa zuwa ka saba da shi."

Umma ta saki rigar da ke hannunta. "Auta? Ke?"

Abba ya ɗauki wuƙar, ya duba bakinta inda ya ɗan lanƙwashe. Ya ɗauki sensan ya sake duba wurin karayar. Ni kuwa hawaye na ta zuba a kan tawul ɗin, ban ma iya ɗauke hannuna daga gwiwarsa ba.

"Ranar da kike ɗora min tawul ina sa miki albarka," ya ce a hankali, "kin san dalilin kumburin?"

"Na sani, Abba."

"Shi kuma ya san ke ce, da ya ce shi ne?"

"Ya sani. Fentin da yake sawa ya nuna masa."

Abba ya cire gilashinsa ya goge da gefen riga. Na jira faɗa, na jira ya ce in fita. Sai ya miƙa hannu ya ɗauki wayarsa daga kan durowa.

"Shekara talatin da biyu ban taɓa kayar da aikin mutum ba sai na tabbatar. Yau na ci mutuncin yaro a gaban mata, a kan aikin da ya yi daidai." Ya miƙo min wayar. "Sa min lambarsa. Tawa zai ɗauka."

Na danna lambobin, na san su da ka. Kafin in danna kira ya riƙe min hannu.

"Ki saurare ni da kyau. Haƙuri zan ba shi, wannan bashina ne ba naki ba. Kawunsa kuma zan ce ya zo Asabar ɗin. Amma zan gaya musu abin da kika yi, duka, da bakina. Na ce ba na ba da 'yata sai ga wanda na ga aikinsa. Nasa na gani. Su ma suna da haƙƙin su ga naki kafin su ce suna so."

Ya danna kiran da kansa, ya sa a lasifika, ya ajiye wayar a kan gado tsakaninmu. Ta yi ƙara sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Ƙanƙarar ta fara narkewa, ruwan yana bin hannuna zuwa cikin hannun riga.

A ta huɗu aka ɗauka.

"Salamu alaikum, Abba."

Abba ya kalle ni, ya nuna wayar da haɓa.

"Fara," ya ce.